Waiwaye: Laburaren Khuda Bakhsh na Patna, wasiyyar da ta kusa haɗuwa da katafila

A shekarar 2021 aka yi ta kai ruwa rana a garin Patna, babban birnin jihar Bihar a Indiya, saboda gwamnatin jihar ta tashi gina gadar sama a kan titin Ashok Rajpath, kuma zanen aikin ya bi ta kan wani sashe na laburaren Khuda Bakhsh, wato ɗakin karatun da ake ce wa Curzon. Marubuta da malaman jami'a da ɗalibai, Musulmi da Hindu, suka ce wallahi ba za ta saɓu ba, har dai daga ƙarshe aka gyara zanen aka bar ginin. Wanda bai san wurin ba zai ce to mene ne abin tada jijiyar wuya a kan tsohon gini ɗaya? Sai an koma baya tukuna.

Ɗaruruwan shekaru Farisanci ne harshen fada da kotu da waƙa a Indiya, Larabci na addini da ilimi, Urdu kuma ya taso daga baya. A 1837 Turawan Ingila suka cire Farisanci daga kotuna, sannan bayan boren da aka yi musu a 1857 aka wawashe Delhi da Lucknow, littattafan sarakuna da na gidajen malamai suka watse, wasu aka ƙona, wasu suka faɗa kasuwa, wasu aka kwashe zuwa Landan. A cikin wannan hali ne wani lauya a Bihar, Muhammad Bakhsh, ya riƙa zuba ɗan abin da yake samu wajen sayen littattafan rubutun hannu har ya tara 1,400. Da ajali ya zo masa a 1876 sai ya bar wa ɗansa wasiyya guda: ka buɗe wa jama'a su karanta.

Ɗan nan shi ne Khuda Bakhsh, an haife shi a 1842, shi ma lauya ne, kuma ni a nan labarin ya fi kama ni, don mutumin bai tsaya a cika wasiyya ba kawai, abin ya zame masa rayuwa gaba ɗaya. Ya ɗauki wani Balarabe mai suna Muhammad Makki yana biyansa albashi duk wata shekara da shekaru, aikinsa kawai yawo a Sham da Masar da Hijaz da Farisa yana farautar littafi. A watan Oktoba 1891 aka buɗe laburaren da rubutun hannu 4,000, ya yi waƙafinsu ga jama'a. Ya je Hyderabad ya yi alƙalin alƙalai na 'yan shekaru, ya dawo, kuɗin duk dai a littafi suka ƙare. Gidan tarihin Birtaniya ya taya kayan da kuɗi masu kauri, Khuda Bakhsh ya ce a'a. Ya rasu a 1908 ba shi da wata dukiya, aka binne shi a harabar laburaren. Allah Ya jiƙansa.

To me ke ciki? Yanzu rubutun hannu sun haura 21,000, mafi yawa Larabci da Farisanci, sai Urdu da ɗan Turkanci da Pashto, banda bugaggun littattafai. Akwai tafsiri, hadisi, fiƙihu, likitanci, ilimin taurari, tarihi, duk dai. Amma guda biyu ne kullum nake tunawa. Na farko diwanin mawaƙin Farisa Hafiz, kwafin da sarakunan Mughal, wato sarakunan Musulmi da suka mulki Indiya, suka riƙe da hannunsu. Al'adarsu ce in abu ya dami mutum ya buɗe diwanin ya duba baitin da idonsa ya faɗa a kai ya ɗauke shi a matsayin ishara, to a gefen shafukan nan akwai rubutun Sarki Humayun da na jikansa Sarki Jahangir, kowa ya rubuta abin da ya dame shi da baitin da ya fito masa. Ka duba fa, sarki guda mai runduna da giwaye, ga shi nan a gefen takarda cikin zulumi kamar kowa. Na biyu shi ne Tarikh-e-Khandan-e-Timuriyah, tarihin zuriyar Timur, kakan sarakunan Mughal, da aka yi a zamanin Sarki Akbar da zane-zanen masu zanen fadarsa, kwafi ɗaya tak ya rage a duniya, da rubutun Sarki Shah Jahan a jikinsa. UNESCO ta sa shi a kundin kayan tarihin duniya a 2011.

Shi ɗakin Curzon da aka so rushewa, sunan ya samo asali ne daga Lord Curzon, wakilin sarautar Ingila a Indiya, wanda ya ziyarci wurin a 1903 ya ga abin da ya gani ya sa aka fara tsara cikakken kundin bayanin littattafan. Juzu'in farko ya fito a 1908, aikin Maulvi Abdul Muqtadir ne, kuma har gobe masu bincike a ko'ina suna kiransa kundin Bankipore, da sunan unguwar. A 1969 majalisar dokokin Indiya ta yi doka ta mai da wurin cibiya mai muhimmanci ga ƙasa, gwamnatin tarayya ke ɗaukar nauyinsa, gwamnan Bihar ne shugaban hukumar gudanarwa. Suna buga mujalla da littattafan bincike, suna gyaran takardun da suka tsufa, suna kuma ɗaukar hotonsu suna sawa a intanet, wanda dole ne ma, tunda garin a bakin kogin Ganga yake, ga danshin damina ga ƙwari.

Abin da ya fi damuna gaskiya ba katafilar ba ce, ita kowa ya gan ta ya yi ihu. Masu iya karanta rubutun ne ke ƙarewa. Farisanci ya daɗe da fita daga gidaje da ofisoshi a Indiya, kuma ko wanda ya koya a jami'a sai ya yi da gaske kafin ya warware shikasta, wannan rubutun mai gudu da magatakardan fada ke yi haruffa na hawa kan juna. Hoto a kwamfuta zai tsare shafi daga gara amma ba zai karanta shi ba. Ɗakin Curzon ɗin ma da aka ceto, yawancin masu cika shi matasa ne da jaridu da littattafan shirin jarrabawar neman aikin gwamnati, ban ga laifinsu ba ko kaɗan, don mai wasiyyar cewa ya yi a buɗe wa jama'a. Diwanin Hafiz kuwa yana can ciki a killace, kabarin Khuda Bakhsh na 'yan taku kaɗan daga wurin, motoci na wucewa a Ashok Rajpath.