Waiwaye: Yadda 'ya'yan zango suka kai ga ƙofar Achimota

Ranar da sakamakon rabon makarantun sakandare ya fito, ɗan ƙanwata ya shigo gidanmu na unguwar Nima a Akra da gudu, takarda a hannu, yana haki. "Kawu, Achimota ce!" Kowa ya ɗauki murna ban da Hajiya, mahaifiyarmu. Ta ajiye tasbaharta, ta dube ni ta ce, "Kai da ka yi boko, gaya mini gaskiya. Can ɗin za su bar shi ya yi salla?" Wannan tambaya tata ta girme ni, ta girmi Ghana ma, kuma ita ce ta sa na koma baya don in ga inda abin ya samo asali.

An aza harsashin Achimota, makarantar kwana da ke Akra, a 1924, aka buɗe ta a watan Janairun 1927, zamanin Gwamna Gordon Guggisberg. Alexander Fraser ne shugabanta na farko, mataimakinsa kuwa Dakta James Kwegyir Aggrey, wanda ya rasu a Amurka cikin shekarar da aka buɗe ta. Ta gwamnati ce, ba ta wata coci ba, kuma tun farko maza da mata tare suke karatu, abin da ba a saba gani ba a lokacin. Tambarinta maɓallan fiyano ne, baƙi da fari, daga misalin da Aggrey ya saba bayarwa cewa sai an haɗa su biyun kiɗa ke yin daɗi. Takenta na Latin ne, ma'anarsa kowa ya zama ɗaya.

Abin da ya fi burge ni a tsarin farkon shi ne ba a ɗauki aji a matsayin makarantar gaba ɗaya ba. Akwai gona da aikin hannu, akwai wasanni, ana koyar da harsunan ƙasa, kuma ana kiɗa da rawar gargajiya a daidai lokacin da makarantun mishan da yawa ke kallon ganga a matsayin kayan arna. Ephraim Amu, shahararren masanin kiɗa na Ghana, ya koyar da kiɗa a nan. Yaro yana kwana a gidan da aka sa shi, yana shara, yana yi wa gidan gudu da ƙwallo, kuma sunan gidan yana bin sa har tsufa. Akwai gidan Aggrey, da na Guggisberg, da na Fraser, har da na Lugard, wanda rundunarsa ta ci Kano da Sakkwato a 1903. Duk Bahaushen da ya san tarihinsa sai ya ɗan tsaya idan ya ji wannan suna. Daga wannan tukunya aka fitar da shugabannin ƙasa irin su Kwame Nkrumah, da Edward Akufo-Addo, da Jerry Rawlings, da John Atta Mills, har da Dawda Jawara na Gambiya da Robert Mugabe na Zimbabuwe. Jami'ar Ghana kanta a harabar Achimota ta fara a 1948 kafin ta koma Legon.

To, ina mutanen zango a duk wannan? Galibinsu suna waje. Kakanninmu na Sabon Zango da Nima da Tudu fatauci suka sani, goro da shanu da tufafi, wasu kuma aikin soja da ɗan sanda. Idan suka ce makaranta, allo da tawada suke nufi, har yau ma haka kalmar take a bakin mutanen Ghana. Makarantun firamare da ke kai yaro sakandare kuwa yawancinsu na mishan ne, inda ake fara yini da waƙar coci, wani lokaci har a laƙa wa yaro sabon suna. Ba na ganin laifin uban da ya ji tsoro. Abin da ya gani da idonsa ya guje wa. Amma tsoron ya yi mana tsada, domin a waɗancan ɗakunan kwana ake ƙulla zumuncin da daga baya ya riƙe ofisoshi da kotuna da asibitocin ƙasar.

A hankali aka fara sassautowa. 'Yan Ahmadiyya sun buɗe sakandarensu a Kumasi a 1950. A 1987 gwamnati ta kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙasa, makarantun Arabiyya suka fara haɗawa da Turanci da lissafi, malamansu na boko suna karɓar albashin gwamnati. A wannan shekarar ce kuma aka soma sauya tsarin karatu, aka kawo ƙaramar sakandare da babba. A 2005 aka miƙa rabon gurabe ga kwamfuta, don a rage sanayya da bin ƙafa wurin shugabannin makarantu. Sai 2017, da gwamnatin Nana Akufo-Addo ta ɗauke kuɗin makaranta da na kwana da abinci, ta kuma ware kashi 30 cikin ɗari na guraben manyan makarantu ga yaran da suka fito daga makarantun gwamnati. A ganina wannan kason ya fi komai taɓa zango, don ɗan mai sayar da koko da ƙosai ba zai iya gogayya da wanda aka kashe wa dubban sidi a makarantar kuɗi ba. Cunkoson da ya biyo baya ne ya haifar da karatun karɓa-karɓa a 2018, wasu na makaranta wasu na gida.

Shiga ta samu, sai maganar zama. A 2021 abubuwa biyu suka faru kusan a jere. Achimota ta ƙi karɓar wasu yara biyu mabiya Rastafari sai sun aske tukkayensu, babbar kotu a Akra kuma ta yanke hukunci a ƙarshen watan Mayu cewa a karɓe su. Cikin azumin wannan shekarar aka yi ta cece-kuce kan hana ɗalibai Musulmi azumi a Wesley Girls ta Cape Coast. Hukumar ilimi ta ce a bar su, cocin Methodist mai makarantar ta ce ba ta yarda ba. Na ji masu cewa ina ruwanmu da shari'ar 'yan Rasta. Da ruwanmu ƙwarai. Kundin tsarin mulkin 1992 da ya kare gashin yaran can, shi ne ke kare sallar ɗanmu da lulluɓin 'yarmu. Na kuma yarda makarantar kwana ba ta tafiya sai da doka ɗaya, ƙararrawa ɗaya, lokacin cin abinci ɗaya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce sahur ko sallar Juma'a za su rushe tarbiyyar da aka gina shekara kusan ɗari.

Mu ma da namu gyaran. Iyaye da yawa a zango maki kawai suke tambaya, suna ɗaukar ƙungiyar muhawara da faretin 'yan kadet da gasar kimiyya da lissafi ta ƙasa, wadda Achimota ta lashe a 1998 da 2004, duk a matsayin ɓata lokaci. Alhali a nan ne yaro ke koyon tsayawa gaban jama'a ya yi magana. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta Ghana ma sai da masu iya magana take samun kunnen hukumar makaranta.

Daren da za a kai ɗan ƙanwar tawa, uwarsa ta cika akwatin katako da gari da sukari da kwalaben yajin shito, aka rubuta sunansa da farin fenti a kan akwatin ƙarfe. Hajiya ta kawo dadduma da ƙaramar buta, ta sa su da hannunta a saman kayan. Da ya zo hutun farko ta kira shi ɗaki, ta tambaye shi salla kafin ta tambaye shi karatu. Ya ce, "Kaka, muna da yawa, tare muke yi." Sannan ya juyo gare ni ya ce yana son shiga ƙungiyar muhawara, amma yana jin nauyin Turancinsa. Na ce ya je ya ba da sunansa ranar da aka koma.