Ciwon Suga da Mantuwar Tsofaffi: Shin Mata Ya Fi Taɓawa?

Mene ne haɗin ciwon suga da ƙwaƙwalwa?

Suga idan ya daɗe yana hawa a cikin jini, yana lalata ƙananan jijiyoyin jini, har da waɗanda ke shayar da ƙwaƙwalwa. A hankali sai mutum ya fara ɗaukar lokaci kafin ya gane magana, lissafin cefane ya riƙa kuɓuce masa. Wani nazari da aka wallafa a 2016, wanda ya haɗa bayanan mutum sama da miliyan 2, ya nuna masu ciwon suga nau'i na 2 sun fi sauran mutane haɗarin kamuwa da ciwon mantuwa da kusan kashi 60 cikin 100, maza da mata.

To ina bambancin yake?

A nau'in mantuwar da ke zuwa ta toshewar jijiyoyin jini. A nan nazarin ya gano ƙarin haɗarin da suga ke jawo wa mata ya zarce na maza da kusan kashi 19 cikin 100. Su maza sukan kamu da sugan da wuri, tun jikinsu bai yi ƙiba sosai ba. Mace kuwa tana da 'yar kariya daga sinadarin jikin mata da ake kira istrojin, amma da haila ta ɗauke, galibi tsakanin shekara 45 zuwa 55, kariyar sai ta ja baya, kitse ya taru a ciki, hawan jini ya biyo baya. Wadda suga ya taɓa hau mata lokacin goyon ciki ita ma ya kamata a riƙa auna ta.

Akwai kuma abin da ba na jini ba. A gidajenmu na Sakkwato, maigida in ya manta raka'a a masallaci, abokansa za su lura. Inna kuwa tana cikin ɗaki. In ta zuba gishiri sau biyu a miya, sai a ce gigin tsufa ne, a yi dariya a wuce. A ganina wannan sakacin ya fi raguwar istrojin ɗin ɓarna.

Duk ruɗewar mai suga ciwon mantuwa ce?

A'a. Wadda ta zo farat ɗaya, da zufa da karkarwa, sau da yawa suga ne ya faɗi ƙasa da 70 (mg/dL) a na'urar awo, musamman ga mai allurar insulin ko mai shan ƙwayar suga ta glibenclamide da bai ci abinci ba, ko yana azumi a zafin Afrilu. In yana iya haɗiya, a ba shi ruwan suga nan take, a kai shi asibiti. Shan ƙwayar suga ta metformin shekara da shekaru kuma yana iya rage bitamin B12, ya kawo mantuwa da dindiris a ƙafa, kuma sau da yawa wannan yana gyaruwa.

Ina za a kai su?

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na duba masu suga, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware kuma na duba mantuwa. A tafi da duk ƙwayoyin da tsohuwa ke sha, har na gargajiya, tare da wanda ke kwana gida ɗaya da ita, don shi zai iya gaya wa likita yaushe abin ya fara.