Wai mene ne "gwajin huhu"?

Tun da hunturu ya kama, ko wace tasha ka murɗa sai ka ji ana cewa mai tari ya je a yi masa "gwajin huhu". Shekaranjiya na ji wani mai gabatar da shiri ya ce hoton ƙirji ke nan, wani da ya bugo waya kuma ya ce ai ɗan abin nan ne da ake maƙala wa mutum a yatsa tun zamanin korona. Duk ba shi ba ne. Hoto siffar huhu yake nunawa, na yatsa kuma oksijin ɗin jini yake aunawa. Mai asma sai hotonsa ya fito tas, alhali da asuba kokawa yake da numfashi.

Abin da likitoci ke nufi shi ne sifirometiri, wato awon numfashi. Wani likitan Ingila, John Hutchinson, ya fito da na'urarsa a 1846: tukunyar ƙarfe ce a kife cikin ruwa, kana hurawa tana tasowa, a karanta yawan iskar. Mutum fiye da 2,000 ya auna da ita.

Yanzu zaunar da kai za a yi, a matse maka hanci, ka ja numfashi har ƙirji ya cika, ka kama bututu da leɓe ka fesar iya ƙarfinka, ma'aikaciya na tsaye a kanka tana "Baba, ci gaba, ci gaba, kar ka tsaya!" Sau uku aƙalla. Abu biyu ake dubawa: iskar da ta fita a daƙiƙar farko, da jimillar wadda ta fita. In ta farkon ba ta kai kashi 70 cikin 100 na jimillar ba, hanyoyin iska sun ƙuntata. Sai a ba ka salbutamol, maganin buɗe hanyoyin iska, ka shaƙa, a jira kamar minti 15, a sake. Idan iskar daƙiƙar farko ta ƙaru da kashi 12 cikin 100 da kuma mililita 200, an karkata ga asma. In bai koma daidai ba, sai a fara zancen toshewar da hayaƙi ke jawowa, na sigari ko na itacen girki.

Nan ne abin ke ba ni haushi. Tsohuwar da ta shekara 40 tana hura murhu a madafa, da an ga tana haki sai a ce asma ce, a sayo mata abin shaƙa a kemis. Babu wanda ya taɓa miƙa mata bututun nan ta hura, amma har jikokinta sun haddace sunan cutar.