Rigimar masu ƙumba da tsuntsayen Tekun Wadden: daga ina ta faro?

Wanda ya ji 'yan Holan na cacar baki a kan ƙumba, wato halittar ruwan nan mai ɓawo, zai ɗauka wasa ne, alhali magana ce da ta kai har kotun Tarayyar Turai. Tekun Wadden wani dogon fili ne na laka da yashi, ya taso daga arewacin Holan ya bi gaɓar Jamus har Denmak, sau biyu a rana ruwa ya janye ya bar taɓo a shimfiɗe tsuntsaye su sauka kiwo. Ana ƙiyasta miliyan 10 zuwa 12 ke bi ta nan duk shekara, wasu tun daga Sibiriya, su ci su yi kitse sannan su nausa Banc d'Arguin a Muritaniya ko tsibiran Bijagos na Gini Bisau. Wato dai wasunsu baƙinmu ne na Afirka ta Yamma.

Ƙumba iri biyu ce ta haɗa faɗan. Akwai mossel, baƙa doguwa, wadda ake kiwo, yawancin masu sana'ar 'yan Yerseke ne a lardin Zeeland, kuma wajen 1950 suka shigo Wadden bayan wata cuta ta yi wa kiwonsu ɓarna a gida. Su fa ba ƙyanƙyasar iri suke ba, 'ya'yan ƙumbar suke kankarowa daga ƙasan teku su zuba a filayen da suka yi haya har su girma. Sai kokkel, 'yar dunƙulalliya mai ɓuya cikin yashi, ita kam ba a kiwonta, a da jiragen ruwa ne masu injin fesa ruwa ke burkuta yashin su zuƙe ta, galibi a kai Sifaniya.

Abin ya fashe wajen 1990. An yi shekaru ƙumba ba ta hayayyafa sosai ba amma jirage ba su tsaya ba, har tarin mossel ɗin da ke bayyana in ruwa ya janye suka kusa ƙarewa ƙaf, tsuntsaye suka rasa abinci. A 1993 gwamnatin Holan ta rufe kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ɓangarenta na filin, ta ce a shekarar ƙaranci a bar wa tsuntsaye rabonsu. Duk da haka a hunturun 1999 zuwa 2000 agwagin teku da ake kira eider kusan 21,000 suka mutu.

Binciken su Theunis Piersma, masanin tsuntsaye na cibiyar binciken teku ta NIOZ da ke tsibirin Texel a Holan, shi ya fi ɗaukar hankalina. Akwai wani ɗan tsuntsu da 'yan Holan ke kira kanoet, shi haɗiye ƙumba yake da ɓawonta ƙundunsa ya niƙe, to inda injin ya bi sai ƙumbar ta zama ɓawo da yawa nama kaɗan, tsuntsu ya wuni yana haɗiya yana niƙa amma bai ƙoshi ba, wanda ƙundunsa ya gaza sai ya bar wurin ko ya mutu.

Ranar 7 ga Satumba 2004 kotun Turai ta juya lissafin: ba a ba da lasisi sai hukuma ta tabbatar babu shakkar kimiyya cewa aikin ba zai lalata wurin ba. Daga 1 ga Janairu 2005 aka hana kama kokkel da inji, aka biya masu jiragen diyya, masu kama ta da hannu suka ci gaba. Sai dai fa a tsari ɗaya gwamnati ta buɗe ƙofar haƙar gas a ƙarƙashin tekun, shi ya sa ni dai ban ɗauka tausayin tsuntsu kaɗai ya yi aiki ba, masu kokkel ne suka fi sauƙin sallama.

Masu mossel kuwa lokaci aka ba su. A 2008, bayan babbar kotun gudanarwa ta Holan ta ƙi amincewa da wani lasisin kwasar iri, suka zauna da gwamnati da ƙungiyoyin muhalli aka yarda su riƙa rataye igiyoyi da raga cikin ruwa 'ya'yan ƙumba su manne da kansu, a daina kankarar ƙasa sannu a hankali. Da farko 2020 aka sa gaba, ba a cimma ba, aka ɗaga zuwa 2029.