Il Gattopardo (fim na 1963)

Il Gattopardo, wato Damisa, fim ne na ƙasar Italiya da Luchino Visconti ya ba da umarninsa a 1963. An ɗauko shi daga littafin Giuseppe Tomasi di Lampedusa mai wannan suna, wanda ya fito a 1958, shekara guda bayan rasuwar marubucin. Labarin ya faro a tsibirin Sisili a 1860, lokacin da jagoran yaƙi Giuseppe Garibaldi ya sauka a garin Marsala da mayaƙa kusan dubu, a yaƙin da ya kai ga haɗe Italiya a 1861.

Daga littafi zuwa fim

Littafin babi takwas ne, kuma mafi yawansa zancen zuci ne na Yarima Fabrizio na Salina, basaraken da ke kallon gidansu yana durƙushewa yayin da sababbin masu kuɗi ke tasowa. Zancen zuci kuwa kyamara ba ta ɗaukarsa. Visconti ya ajiye babi biyu na ƙarshe, wato mutuwar Yarima a 1883 da tsufan 'ya'yansa mata a 1910, ya ƙara gumurzun titunan Palermo, babban birnin Sisili, wanda littafin bai nuna kai tsaye ba.

Nauyin mutuwar sai ya ɗora wa liyafar rawa da ke rufe fim ɗin, mai tsawon minti 45 ko kusa da haka. A gidan sarauta na Valguarnera-Gangi da ke Palermo aka ɗauke ta, da dare saboda zafin bazara, da ɗaruruwan kyandirori da ake ta sauyawa suna narkewa. A nan ne Yarima, wanda Burt Lancaster ya fito a matsayinsa, yake tsayawa gaban hoton wani dattijo a gadon mutuwa, kafin ya yi rawa da Angelica (Claudia Cardinale), wadda ɗan 'yar'uwarsa Tancredi (Alain Delon) zai aura. Wannan ne wurin da fim ɗin ya fi ƙarfi. Piero Tosi ya tsara sutura, Nino Rota ya yi kiɗa.

Fitowa

Fim ɗin ya lashe Palme d'Or, babbar kyautar bikin fina-finai na Cannes a Faransa, a 1963. A Italiya tsawonsa kusan minti 185 ne. A Amurka kamfanin 20th Century Fox ya datse shi zuwa kusan 161, ya sa muryoyin Turanci, ya buga shi da launi maras inganci. Visconti ya nesanta kansa da wannan kwafin, kasuwa ma ba ta karɓe shi ba. Kuɗin da aikin ya ci na cikin abubuwan da suka jefa kamfanin Titanus, wanda ya shirya fim ɗin, cikin matsala.

Masu sharhi sun saɓa kan ko fim ɗin suka ne ga sarakuna ko makokinsu.

Netflix ta sake shirya labarin kashi shida a 2025.