Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Yadda Takin Gona da Najasar Gari Ke Shaƙe Bakin Teku

Wanda ya ɗebi ruwan teku a tafin hannunsa zai rantse babu komai a ciki sai gishiri. Amma da za a sa ɗigo ɗaya a ƙarƙashin madubin da likitoci ke duba ƙwayoyin cuta da shi, sai ya ga ruwan cike yake da rai: wasu 'yan mitsi-mitsin tsirrai masu ƙwayar halitta ɗaya tal, ba saiwa, ba ganye, suna shawagi a iya inda hasken rana yake kaiwa. Dangin gansakuka ne, koren nan da ke kwanciya a kan ruwan da ya daɗe a tsaye, sai dai su ido ba ya ganinsu ɗaya-ɗaya. Masana na kiransu faitofilankton. Wasu suna zaune cikin ɓawo mai kama da gilashi, wasu kuma suna da 'yan wutsiyoyi biyu da suke iyo da su.

Abin da nake so a fara riƙewa shi ne waɗannan tsirrai alheri ne. Su ne makiyayar teku. Ƙananan halittu suna kiwo a kansu, ƙananan kifaye su ci waɗannan halittun, manya su ci ƙanana, har abin ya iso komar masunci. Kusan rabin iskar oksijin da tsirran duniya ke samarwa a shekara daga gare su take fitowa, sauran rabin kuma daga dazuzzuka da gonaki da ciyayin tudu baki ɗaya.

Abin da ke hana su yawa fiye da kima shi ne ƙarancin abinci. Rana akwai ta, ruwa akwai shi, amma sinadaran naitirojin da fosfaros kaɗan ne a teku. Duk manomin da ya taɓa ɗaukar buhun NPK ya san waɗannan biyun, domin su ne N da P da ke rubuce a jikin buhun. Abin da ke sa shuka ta yi kore shar a gona, shi ne dai yake sa gansakukar teku ta haukace da yaɗuwa.

A 1909 Bajamushen nan Fritz Haber ya gano hanyar kamo naitirojin daga iska, wadda da ita ake yin takin zamani, a 1913 kuma aka buɗe masana'antar farko mai aiki da wannan hanya a ƙarƙashin Carl Bosch. Yau duniya na zuba fiye da tan miliyan 100 na naitirojin a gonaki kowace shekara. Ni malamin gona ne, kuma ba zan taɓa ce wa manomi ya bar takin zamani ba; biliyoyin mutane da shi suke cin abinci. Damuwata ita ce abin da ke tserewa. Idan aka yi lissafin duniya gaba ɗaya, kusan rabin naitirojin da ake zubawa ne kawai shuka ke sha. Sauran kuwa, wani ya bi iska, wani ya nutse cikin ƙasa, wani kuma ruwan sama ya kwashe shi zuwa rafi, rafi ya miƙa wa kogi, kogi ya sauke shi a bakin teku. Manomi ya biya kuɗinsa bai ci amfaninsa ba, masuncin da bai taɓa ganin gonar ba kuma shi zai ɗauki asarar ta biyu.

Ba gona kaɗai ke da laifi ba. Ruwan masai da na kwatar birni da ake saki ba a tace ba, kashin dabbobi daga manyan gidajen kiwo, ragowar abincin kifin da ake kiwo a keji, wasu sabulan wanki masu fosfaros, har da hayaƙin motoci da masana'antu da ruwan sama ke saukowa da shi, duk a ruwa ɗaya suke haɗuwa.

To, idan wannan abinci ya isa bakin teku, ga rana, ga ɗumi, me ke faruwa? Ƙwaya ɗaya ta rabu biyu, biyu su zama huɗu, kuma wasu nau'o'in kan yi haka sau ɗaya ko fiye a yini. Cikin 'yan kwanaki ruwan da yake garau sai ya koma kore, ko ruwan ƙasa, ko ja, da miliyoyin ƙwayoyi a lita guda. Halittun da ke cinsu ba za su iya cinyewa ba. Rayuwarsu kuma gajera ce: su mutu, su nutse ƙasa, ƙwayoyin bakteriya su hau ruɓar da su. Wannan ruɓewar oksijin take ci, oksijin ɗin da ke narke cikin ruwa, wanda da shi kifi yake numfashi.

Da ruwan sama da na ƙasa suna cuɗanya, da abin ya zo da sauƙi, don iskar sarari za ta mayar da abin da aka rasa. Amma a inda kogi ke shiga teku, ruwan kogin ba shi da gishiri, ya fi sauƙin nauyi, ga shi rana ta ɗumama shi, sai ya kwanta a sama. Ruwan gishiri mai sanyi da nauyi ya zauna a ƙasa, ba abin da ke kai masa iska. Idan oksijin ya sauka ƙasa da miligiram 2 a lita, kifin da ke da ƙarfin gudu ya gudu. Kaguwa, kawa (wata halittar ruwa mai ɓawo biyu da ake cin namanta), tsutsotsin cikin laka da sauran waɗanda ba su da saurin tafiya, nan suke shaƙewa su mutu. A ruwa marar zurfi kuwa abin ya fi muni da dare, domin ita kanta gansakukar da rana take ba da oksijin, da dare sha take yi. Shi ya sa sau da yawa da asuba ake tarar da matattun kifaye jibge a gaɓa, alhali jiya da yamma lafiya lau.

Misalin da aka fi aunawa yana Tekun Meksiko, a bakin kogin Misisifi. Kogin na tattaro ruwa daga jihohi 31 na Amurka, har da yankin da ya fi ko'ina noman masara a ƙasar. Tun 1985 masana ke fita da jirgin ruwa lokacin zafi suna auna faɗin wurin da oksijin ya ƙare. A 2017 sun sami murabba'in kilomita kusan 22,700, mafi girma da aka taɓa aunawa a wurin. Hukumomin ƙasar sun sa wa kansu burin rage shi zuwa 5,000 kafin 2015, ba su cimma ba, suka ɗage zuwa 2035. A 2008 kuma masana biyu, Robert Diaz da Rutger Rosenberg, sun ƙirga irin waɗannan matattun yankuna fiye da 400 a gaɓoɓin duniya. Tun kafin a kai ga haka ma, ruwan da ya yi duhu yana tare wa ciyawar ƙarƙashin teku hasken rana, ita kuwa a cikinta 'ya'yan kifi ke ɓuya su girma.

Ɓangaren da ya fi tayar mini da hankali shi ne na guba, don shi kai tsaye jikin mutum yake taɓawa. Cikin dubban nau'o'in nan, 'yan kaɗan ne ke yin guba, amma gubar tasu ba ta wasa ba ce. Kawa da danginta masu ɓawo biyu tace ruwa suke yi su ci abin da ke ciki. Idan ruwan na ɗauke da gansakuka mai guba, sai gubar ta taru a naman kawar, ita tana nan da ranta kamar ba abin da ya faru. Ba wari, ba canjin ɗanɗano, ba canjin launi. Abin da kuma ya kamata kowa ya haddace: dafuwa ba ta kashe wannan guba, soyawa ba ta kashe ta, ƙanƙara ma haka. Wuta ƙwayoyin cuta take kashewa, wannan kuwa sinadari ne, yana nan daram, har cikin romon yake narkewa.

A 1987 a gaɓar ƙasar Gwatamala, a Amurka ta Tsakiya, mutum 187 suka kamu bayan sun ci irin wannan nama, 26 suka rasu, kuma yara ƙanana abin ya fi yi wa ɓarna. Gubar ta shanyewar jiki ce. Takan fara cikin rabin awa zuwa 'yan awoyi da jin ƙaiƙayi ko mutuwar leɓe da harshe, ta sauka zuwa yatsu, magana ta sarƙe, ƙafa ta kasa ɗaukar mutum, daga nan numfashi ya tsaya. Ba ta da makari. Abin da ke ceton rai shi ne a kai mutum asibiti da gaggawa a taimaka masa da numfashi har jiki ya fitar da gubar da kansa. Wanda aka taimaka masa da numfashi har ya wuce yini guda, galibi yakan warke sarai. Don haka idan leɓe ya fara mutuwa bayan cin kawa, kada a tsaya jiƙe-jiƙe ko jiran gari ya waye. A tafi, a tafi da duk wanda ya ci tare da shi, a riƙe ragowar abincin don a gwada, a kuma faɗa wa ma'aikacin lafiya abin da aka ci da inda aka samo shi.

A wannan shekarar dai, a tsibirin Firins Edwad na Kanada, wata gubar daban da ke cikin irin wannan nama ta kwantar da mutum fiye da 100, aƙalla 3 suka mutu, wasu kuma suka rayu da mantuwar da ba ta sake su ba. A jihar Fulorida ta Amurka kuwa, jan ruwan da gansakukar ke kawo musu ko ba a ci komai ba yana cutarwa: igiyar ruwa na fasa ƙwayoyin, iska ta ɗauko gubar zuwa tudu, mutane su yi ta tari da hawaye, masu asma su fi kowa shan wuya.

Gaskiya ɗaya ce, dole in faɗe ta: ba duk jan ruwa ne mutum ya jawo ba. An ga na Fulorida tun ƙarni na 19, kafin a san takin zamani. Sai dai idan ya taso daga tsakiyar teku ya iso gaɓa ya tarar da abinci a baje, yakan ƙara kauri ya kuma daɗe. Launi kuma ba ma'auni ba ne. Ruwa na iya yin ja ba guba, yana iya zama garau alhali kawar cikinsa ta cika da ita, kuma takan riƙe gubar makonni bayan ruwan ya washe. Gwaji a ɗakin bincike ne kaɗai ke rabewa. Idan hukuma ta rufe wani yanki ta ce kada a ɗebi kawa, ba mugunta ba ce ga masu sana'ar, ko da yake na san rufewar ciwo gare ta ga mai ci daga hannu zuwa baki.

Abin yana gyaruwa, an kuma gani. A arewa maso yammacin Bahar Aswad, inda kogin Danub ke shiga, mataccen yankin ya kai murabba'in kilomita kusan 40,000 a 1990. Da gwamnatocin gurguzu na gabashin Turai suka rushe, taki ya yi tsada, manyan gidajen kiwo suka rufe, cikin 'yan shekaru yankin ya ragu ƙwarai. Ba wanda zai yi wa jama'a fatan irin wannan talauci, amma ya nuna ƙarara daga ina cutar take. Japan kuwa da gangan ta yi: ta kafa doka a 1973 kan tekun Seto, inda aka ƙirga jan ruwa sau 299 a 1976, daga baya ya sauko zuwa wajen 100 a shekara. Tekun Baltik na arewacin Turai shi ne mai koyar da haƙuri. Ƙasashen da ke kewaye da shi sun rage abin da suke zubawa, amma fosfaros na shekaru da dama yana kwance a laka, kuma duk lokacin da oksijin ya ƙare sai lakar ta sake sakinsa cikin ruwa. Abin da aka zuba a shekara ɗaya kan ɗauki shekaru masu yawa kafin ya fita.

'Yan'uwana manoma, namu aikin ba ya bukatar sabon inji, kuma riba ce a aljihunmu kafin ta zama riba ga teku. A zuba taki gwargwadon bukatar shuka, inda ake gwajin ƙasa a gwada. Kada a juye na shekara a rana ɗaya. A raba shi kashi biyu ko uku, a ba shuka lokacin da take da saiwar sha. Yuriya a tona a binne ta kusa da gindi, domin wadda aka watsa a sama rana ta kwashi rabonta, ruwa ya kwashi nasa. Idan hadari ya haɗu ana sa ran ruwa mai ƙarfi, a dakata. Wanda gonarsa ke bakin rafi ya bar 'yan taku na ciyawa da bishiyoyi tsakanin kunya ta ƙarshe da ruwa. Wannan ɗan zirin yana tare ƙasar da ke zaizayewa, fosfaros kuwa a jikin ƙasar yake maƙale. Tarin kashin dabbobi a nisanta shi da hanyar ruwa, a rufe shi. Shi ma taki ne mai ƙarfi, har Tarayyar Turai tun 1991 ta ƙayyade cewa a yankunan da ruwansu ke cikin haɗari kada naitirojin daga kashin dabbobi ya wuce kilo 170 a hekta a shekara.

Nauyin birane ya fi na kowane manomi guda. Bututun najasa ɗaya da ke kwarara dare da rana ba damina ba rani, an san inda yake, an san mai shi, kuma ana iya tace abin da ke fita daga cikinsa. Fadamu da dazukan bakin teku da ake cikewa don gine-gine su ne ke shanye wani kaso na naitirojin kafin ya isa ruwan gishiri, kuma jama'a na da haƙƙin tambayar masu mulki dalilin ba da su.

Masunta da mazauna gaɓa, ku ne kuke fara gani. Idan ruwa ya sauya launi, ko ya yi kumfa da wari, ko kifi ya taso sama yana haki, ku lura da rana da wurin, ku ɗebi ruwan a kwalba mai tsabta ku ajiye a inuwa, ku sanar da jami'in kula da kamun kifi ko na lafiya a ranar. Kifin da aka tsinta matacce kada a ci, kada a sayar, kada a ba dabba. Yara da karnuka a hana su shiga ruwan har sai an gwada an ce ya yi.