Wai shan innar yanzu daga ɗigon rigakafi take fitowa?

Iyaye da 'yan uwa na ƙauyukanmu na Kano da Jigawa, duk zagayen da muka fita sai an tare mu da maganar nan: ba an ce foliyo ta ƙare ba, ɗigon na mene ne kuma? Wasu ma cewa suke sun ji wai wadda ake samu yanzu daga maganin take. To ba zan ɓoye muku ba akwai ƙamshin gaskiya, amma ku ji ta har ƙarshe.

A Agustan 2020 aka tabbatar Najeriya ta rabu da asalin ƙwayar shan inna, rabon da ta kama yaro tun 2016 a Borno, a Kano kuwa tun 2014 a Sumaila. Shi ɗigon da muke yi a baki ƙwayar ce mai rai amma an karya lagonta, tana zama a hanjin yaro jikinsa ya koyi yaƙi da ita, sannan ta riƙa fita a kashinsa na wasu makonni. Garin da kusan duk yara sun karɓa nan take macewa don ba ta da wurin zuwa. Matsalar tana inda yara da yawa ba a yi musu ba, ga bahaya a fili, ga ƙuda, ga rijiya ba murfi, sai ta yi ta tsallakawa daga wannan ciki zuwa wancan har shekara ko fiye, tana sauyawa a hankali har ƙarfinta ya dawo ta shanye ƙafa. Kuma ƙafar wa? Yawanci ta yaron da aka ɓoye a ɗaki ranar zagaye, ko wanda bai taɓa ganin katin rigakafi ba. Wallahi abin nan na ci min tuwo a ƙwarya, uba ya ce yana kare ɗansa alhali shi ya buɗe mata ƙofa.

Shi wanda aka ɗiga wa ya kamu kai tsaye, yana faruwa amma da wuya ƙwarai, kamar ɗaya cikin ɗigo miliyan 2.7.

Ƙwayar shan inna nau'i uku ce, wadda ta fi damunmu kuwa nau'i na 2 ce, tun da aka cire shi daga ɗigon yau da kullum a 2016 yaran da aka haifa bayan nan suka rage kariya. Shi ya sa daga 2021 aka kawo sabon ɗigo da aka gyara yadda ba ya saurin rikiɗa, ga kuma ta allura wadda ƙwayar cikinta matacciya ce, ana yi a asibiti. Uwa ki kai jariri ranar haihuwa, sai sati 6, 10 da 14, kuma in masu zagaye sun zo a ƙara ko da an yi a baya, ba ya yawa.

In yaro ƙasa da shekara 15 ya wayi gari ƙafa ko hannu ya saki lagwab, ko da zazzaɓi ko babu, kar a tsaya hayaƙi da rubutu har sati biyu su wuce. A sanar da mai unguwa ko asibitin da ke kusa a ranar, za mu zo mu ɗauki kashinsa sau biyu, kwana guda tsakani, a tura gwaji Ibadan ko Maiduguri, ko sisi ba za ku biya ba.